Baƙin Tabo a Yanka na Talatin da Ɗaya

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau aka tura uwar yara cikin injin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Minti arba'in tana kwance a cikin bututun, ni kuma ina zaune a baranda a kan kujerar roba mai gurguwar ƙafa, injin yana ta ƙara kamar ana dukan durom da guduma. Kwana arba'in da shida ke nan ba ta ce uffan ba. Tana ci, tana tashi da sanda, tana bin mutum da ido. Maganar ce babu.

Likita ya ce wannan hoton ba irin na farko ba ne. Na farkon ƙashi da jini ya nuna. Wannan zai nuna farin sashen ƙwaƙwalwa, wato zaruruwan da ke kai saƙo daga wani ɓangare zuwa wani, don a ga ko hanyar magana ta tsinke. Ya yi mini bayanin da irin muryar da ake koya wa tsoho buɗe wayar hannu. Na bar shi ya gama. Ban gaya masa na yi shekara talatin da huɗu ina koyar da fiziks ba, ko cewa tun kafin a yaye shi an tura ni ƙasar waje karatun digiri na biyu. Me zan ce idan ya tambaye ni ko na gama?

Sakamako sai nan da mako biyu, wai mace ɗaya ce take nazarin hotunan a duk asibitin. Na ce to a ba ni faifan da hotunan suke ciki. Suka kalli juna, suka ba ni.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Abin ba wani asiri ba ne. Kowace shekara sai na nuna wa 'yan aji huɗu: a ɗiga tawada a kofin ruwa, a ƙyale ta, za ta bazu ta kowace fuska daidai, domin ƙwayoyin ruwa ba su san zama wuri ɗaya ba. Amma a ɗiga ta a kan lagwanin fitila, sai ta bi tsawon zaren, ba ta cika tsallakawa gefe ba. Abin da injin yake aunawa ke nan. Yana raba ƙwaƙwalwa zuwa ƙananan akwatuna, a kowane akwati ya tambayi ruwan ina yake tafiya. Idan ruwan hanya ɗaya yake bi, lambar takan doshi ɗaya, wurin ya yi haske a hoto. Idan yawo yake yi ko'ina, lambar ta doshi sifili, wurin ya yi duhu. Zare lafiyayye, haske. Zare tsinkakke, duhu. Yaron aji huɗu ma zai gane.

Na yi gwajin tawadar a teburin karyawa, a gabanta. Ta kalli kofin, ta kalli rigar teburin da tawadar ta ɗiga a kai. Ita ta ɗinka rigar. Da a da ne, da sai na ji tarihin yadin tun daga shagon da ta saye shi.

Keken ɗinkin yana kusurwarsa, an rufe shi da zane.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mai koyar da magana ta zo. Laraba da Asabar take zuwa daga asibiti, da jakarta cike da katunan hotuna: kofi, kaza, takalmi. Matar da ta aurar da 'ya, ta ɗinka wa rabin unguwar nan kayan suna, ita ake nuna wa hoton kaza. Kullum sai ta ce in fita, wai ya fi sauƙi idan babu 'yan kallo. A gidana. Nakan tafi shagon Bakanike a ƙarshen layi in zauna har ta gama.

Babbar 'yata ce ta samo mata gurbin. Alƙaliya muke ce mata tun tana 'yar shekara biyar, don ko rabon biskit ne sai ta yanke hukunci. Yau ma ta tuna mini ƙa'idar asibitin: duk wanda ya rasa zama uku a jere, a ba wa na bayansa a layi gurbinsa, kuma layin ya kai wata shida. Na ce na ji. Ta ce ta san na ji, sauraro ne ba ta sani ba.

Bakanike ya tambaye ni abin da ke ƙarƙashin tamfol a tsakar gida. Ya ce damina za ta cinye ta a banza, akwai mai son injinta. Na ce ba yanzu ba. Ya ce, "Malam, tun da na jawo ta kake cewa ba yanzu ba." Na tambaye shi ko yana da wayar cajin kwamfuta irin tsohuwar da Auta ya bari. Yana da ita.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Faifan ya buɗe. Kanta ne, an yanka shi yanka sittin daga wuya zuwa tsakar ka, kamar burodi. Akwai hotuna masu launi: ja ga zaren da ya tafi daga hagu zuwa dama, kore ga na gaba zuwa baya, shuɗi ga na sama zuwa ƙasa. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ban taɓa sanin haka cikin kanta yake da kyau ba. Kamar akwatin zarenta ya zube.

Sai na matsar da kujera kusa da taga, sannan na ɗora gilashin karatu a kan tabarau, kafin in iya ganin lambobin. Rubutun da suke yi yanzu ƙanana ne ƙwarai.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Na same shi.

Yanka na talatin da ɗaya, ɓangaren hagu, sama da kunne, can ciki, daidai inda koren zaren da ke haɗa fahimtar kalma da furta ta yake wucewa. Baƙin tabo kamar ƙwayar wake. Na ɗora kibiyar a kai: sifili da ɗigo ɗaya tara. Na matsa daidai wurin a ɓangaren dama: sifili da ɗigo huɗu takwas. Na ma lura cewa a irin waɗannan hotuna hagun mutum a dama yake fitowa, kamar kana fuskantarsa. Da wani ne, da nan zai faɗi. Ni ban faɗi ba. Sau shida na auna, na rubuta a bayan kalanda.

Sa'a huɗu ya ɗauke ni. Su suna buƙatar mako biyu.

Na shiga ɗaki na same ta zaune a bakin gado, tana murza bakin zanin gado tsakanin yatsu biyu, tana duba ɗinkin. Na tsaya a ƙofa. Na fita.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe shida na safe

Sifili da ɗigo ɗaya tara.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na tare mai koyar da magana a bakin ƙofa. Na ce ta huta yau, kuma ta huta har sai yadda hali ya yi. Ta tambayi ko jikin ne ya tashi. Na ce a'a, wayar ce ta tsinke, kuma babu amfanin a yi ta danna makunnin fitilar da wayarta ta tsinke. Wahalar da tsohuwa kawai ake yi. Ta tambayi ko likita ne ya faɗa. Na ce na gani da idona.

Ta kalli tabarauna, ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai ta gyara jakarta a kafaɗa. Ta ce za ta rubuta an rasa zama ɗaya, dole ne, kuma za ta dawo Laraba duk da haka.

Da na koma ciki, uwar yara ta riga ta ɗaura ɗankwalinta mai kyau tana zaune a kujerar da suke zama. Har azahar ba ta cire ba.

Na share tsakar gida. Na zagaye tamfol ɗin ban taɓa shi ba. Na sake sharewa.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Auta ya bugo daga garin da yake aiki. Na gaya masa gaskiya, tunda ni ba likita ba ne da zan yi ta kewaye. Har na ɗauka layin ya yanke, sai na ji yana jan hanci. Ya ce yana da saƙon muryarta guda a wayarsa, na minti huɗu, tana yi masa faɗa a kan wandon da ya kai wa wani tela ya ɓata. Ya ce bai taɓa saurarensa har ƙarshe ba. Na ce ya adana.

Na ce kada ya gaya wa yayarsa tukuna.

Minti huɗu a kan wando. Ni da na sha na shekara arba'in da ɗaya: kan wando, kan tukunya, kan maƙwabta, kan littattafaina da ke cin wuri, keken yana ta sukuwa a ƙarƙashin ƙafarta, bakin yana tafiya tare da shi. Na taɓa gaya mata cewa da na auri kurma da na gama digirina. Ta yi dariya ranar. Ina ganin dariya ce.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na gyara jeren littattafai. Na mayar da su yadda suke. Na ɗauko tsohon littafin da na zo da shi daga ƙasar waje, babin yawon ƙwayoyin ruwa, rubutuna na saurayi a gefen shafi, siriri, mai girman kai. Wanda muke zama benci ɗaya da shi a can yanzu sunansa yana jikin wani ginin jami'a. Ni nawa sunan yana jikin kalandar kantin magani, inda na rubuta shi don kada a ɗauke mini.

Ba na iya zama. Kujera ta taga, kujera ta ƙofa, tsakar gida, kujera ta taga.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Zama na biyu ya wuce. Ban buɗe ƙofa ba. Mai koyarwar ta ƙwanƙwasa sau uku ta tafi.

Auta bai iya riƙe magana ba, gadon uwarsa. Ƙarfe huɗu Alƙaliya ta shigo da kayan aikinta a jiki, ko gaisuwa a tsaye ta yi. Ta ja ni kicin ta rufe ƙofa don kada uwarta ta ji. Ta tambayi wa ya naɗa ni likita. Na ɗauko kalandar na nuna mata lambobin. Ba ta kalla ba. Ta ce saura zama ɗaya gurbin ya tafi, kuma idan Asabar ta wuce ba a yi ba, ita za ta zo da mota ta ɗauke Mama ta kai ta gidanta, in zauna ni da faifaina.

Na ce ilimi ba ya jin tsoron ɗaga murya.

Ta ce, "Baba, sau biyu ke nan a wata biyu kana cewa ka gani da idonka."

Ta shiga wurin uwarta, ta ja ƙofa, suka daɗe. Daga kicin ina jin muryarta ƙasa-ƙasa, tana yi tana tsayawa, kamar mai magana a waya.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Zan je in nuna musu. Su rubuta da hannunsu, in kai wa Alƙaliya takardar. Na sa rigar da nake sawa ranar rabon sakamako. Maɓallin wuya ya cire, na rufe wurin da hannu a cikin bas.

Alhamis, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Ofishin mai nazarin hotunan yana can ƙasan bene, bayan ɗakin wanki, ba taga. Teburi ɗaya, allon kwamfuta biyu, fanka mai kaɗa kai, da rabin burodi a cikin leda. Yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar Auta ba. Na shiga da shirin faɗa, sai ta tashi ta ba ni kujerarta ta zauna a kan kwali. Hakan ya ɓata mini shiri.

Na buɗe kwamfutata, na nuna mata yanka na talatin da ɗaya, na karanta mata lambobin. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce a shekara uku da ta yi a ɗakin nan ba a taɓa samun ɗan'uwan mara lafiya da ya gane hagu daga dama a hoton ba. Na ji daɗi, Allah ya yafe mini.

Sannan ta buɗe hoton a nata allon, ta ce in kalli idanu biyu a yankan ƙasa. Ɗaya ya fito, ɗayan bai fito ba sai bayan yanka biyu. Kan uwar yara a karkace yake kwance cikin injin, saboda ciwon wuyanta. Ta ce aikin farko da take yi ke nan kafin ta auna komai: ta miƙar da kan, ta gyara inda mutum ya motsa, ta cire yankan da suka lalace, shi ke cinye mata kwanaki. Abin da na kwatanta da hagu, ba takwaransa ba ne. Ta matsa zuwa yanka na talatin da uku, ɓangaren dama.

Baƙin tabo kamar ƙwayar wake. Sifili da ɗigo biyu ɗaya.

Na ce to ashe ɓangarorin biyu ne suka tsinke. Ta girgiza kai, ta buɗe wani hoton, ta ce na wani kai ne, lafiyayye. Tabon yana nan, hagu da dama. Ta ce a daidai wurin nan manyan hanyoyi uku ne suke gitta juna: mai tafiya gefe, mai tafiya gaba, mai sauka ƙasa. Akwatin da injin yake aunawa ya fi zaren girma sau dubbai, don haka duka ukun suna cikin akwati ɗaya. Ruwan kowane zare yana bin hanyarsa lafiya lau, amma idan aka haɗa su aka tambaya ina ruwan ya nufa, amsar ita ce ko'ina. Lambar ta faɗi. Wurin ya yi duhu. Ba don babu zare ba, don ya yi yawa ne.

Ta kama bakin mayafinta ta miƙo kusa da fuskata, ta ce in gaya mata wace hanya zaren yadin nan ya bi, tsaye ko kwance.

Matata tela ta fi ni sanin amsar. Mijin tela ne bai sani ba.

Na tambayi kan wane ne wancan lafiyayyen. Ta ce nata ne, ta shiga injin lokacin da ake gwada shi. "Ni kuwa Baba, a gidanmu roƙona ake yi in yi shiru."

Ban yi dariya ba, amma na kusa.

Na ce to ta gaya mini kai tsaye, za ta yi magana ko ba za ta yi ba. Ta ce akwai wurare biyu a gaba-gaba inda lambar ta ragu da gaske, ba da yawa ba, irin abin da ake gani bayan buguwar kai, kuma zai shiga rahoto. Koren zaren da nake tsoro yana nan, ta bi shi daga farko har ƙarshe. Amma ta ce injin ruwa yake aunawa, ba kalmomi ba. Ba ya gaya wa kowa abin da mutum zai faɗa ko ranar da zai faɗa. Wanda ya fi sanin wannan, in ji ta, ita ce mai zuwa gida da katuna. Ta tambayi me ita ta ce.

Na ce ban tambaye ta ba.

Shekara talatin da huɗu ina rubuta wa yara da jan biro cewa awo ba tare da abin kwatance na gaskiya ba, ba awo ba ne. Yanka biyu. Danna maɓalli sau biyu kawai.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na buga wa mai koyar da magana. Sau uku na fara jimlar kafin ta fito. Ta ce ba komai Baba, gobe ƙarfe goma. Na so ta yi mini faɗa, da ya fi sauƙi.

Na buga wa Auta na ce ya daina kuka, ubansa ne ya yi kuskuren lissafi. Ya ce, "Kai, Baba?" Na kashe wayar.

Ya kamata in ji sanyi a raina. Tun jiya nake neman sanyin. Idan zaren yana nan, to me ya hana?

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Ban je shagon Bakanike ba. Na fita ta ƙofa kamar kullum, na zagayo ta baya, na tsaya tsakanin tamfol da bangon ɗaki, ƙarƙashin taga. Tsoho mai furfura yana laɓe a gidansa.

Na ji mai koyarwar tana cewa yau ba katuna, ta buɗe akwatin ɗinki. Ƙarar ƙarfe a kan teburi. Sai wata murya, a dushe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

"Al... makashi."

Bayan shi allura. Bayan shi zare, sai ta ƙara da kanta, ba a tambaye ta ba: "Ba... mai kyau ba." Mai koyarwar ta yi dariya ta ce a kasuwa ta saya. Muryar ta ce, "An cuce ki."

Na dafa abin da ke bayana don kada in faɗi. Shi ne karo na farko da na taɓa shi. Ta cikin tamfol ɗin na ji inda ƙarfen ya lotsa, ɓangaren mai zaman gaba.

Na tare mai koyarwar a kan layi. Ta ce an kusa mako uku da farawa, kalma ɗaya, biyu, yanzu har gajeriyar jimla. Alƙaliya ta sani. Na tambayi me ya sa ba a gaya mini ba. Ta gyara jakarta. Ta ce sun so, amma duk lokacin da aka ji takuna a tsakar gida sai Mama ta rufe baki, kuma da aka ce za a gaya mini, ta ɗaga hannu ta ce a'a. Ta ce wannan ba ya cikin abin da aka koya mata gyarawa.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe uku na rana

Ashe ranar Laraba ba waya Alƙaliya take yi ba.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Rahoton ya fito, shafi ɗaya da rabi. Abin da yarinyar ta faɗa ne, da manyan kalmomi. Likita ya ce labari ne mai daɗi, a ci gaba da zaman koyarwa. Alƙaliya ta karɓi takardar ta saka a jakarta, ba ta ba ni ba, ban nema ba. A hanya ta ce maganar ɗauke Mama tana nan, amma ba ita za ta yanke ba, Mama za ta tambaya ranar Asabar, tunda yanzu tana iya amsawa.

Na kawo wa uwar yara shayi. Na ce ga shayi. Ta karɓa. Na ce da zafi. Ta hura. Na tsaya ina jira kamar ɗalibi a ƙofar ofishin shugaban makaranta. Ta sha, ta ajiye kofin, ta juya ga taga.

Mako guda na yi ina riƙe da wancan tabon. Yanzu na gane abin da ya sa ban danna maɓallin sau biyu ba. Da a ce zaren ya tsinke, da babu wanda yake yi mini shiru da gangan.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe shida da rabi na safe

Bari in rubuta shi sau ɗaya.

Likitan ido ya ce in daina tuƙi tun bara. Na ninke takardar na saka a cikin littafin da na san ba mai buɗewa. Ita ta gano, wurin share ƙura. Ranar da abin ya faru, za mu kai ɗinkin wata amarya. Ta ce mu hau tasi. Na ce motata ce, hanyar kuma shekara talatin nake bin ta. Tun daga ƙofar gida take magana har mahaɗar da ke gaban gidan mai. Rana tana fuskata. Ta ce ba ka gani, ka tsaya, ba ka gani. Na ce ki yi mini shiru, don Allah sau ɗaya a rayuwarki ki yi mini shiru.

Ban ga tirelar ba.

Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Na gaya wa yara cewa na duba da idona hanya babu kowa.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Da safe na kai wa Bakanike makullin motar. Ya juya shi a hannu, ya ce injin kawai mutumin yake so. Na ce ya ɗauke ta duka, har tamfol ɗin. Sun zo da igiya kafin azahar. Wurin da ta tsaya ya bar fari a ƙasa, mai kusurwa huɗu. Uwar yara ta kalli komai ta taga.

Bayan mai koyarwar ta tafi, na shiga ɗakin. Na faɗa mata abin da na rubuta jiya, duka, har takardar likitan, har abin da na gaya wa yara, na ce zan gaya musu gaskiya da bakina kafin Asabar. Na ce idan gidan Alƙaliya take so, ni zan haɗa mata kayan. Ban iya faɗa da kyau ba. Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana magana a gaban aji.

Ba ta ce komai ba.

Ban san inda zan kai hannuwana ba, sai na ɗauko rigar rabon sakamako da maɓallinta, na buɗe akwatin ɗinkin, na zauna a kujerar keken. Na ɗauki allura, na lashi bakin zare kamar yadda nake ganin tana yi. Na kai, ya wuce ta gefe. Na sake. Na matsa kusa da taga, na ɗora gilashi a kan tabarau. Sau tara, na ƙirga. Allurar ta zama biyu a idona, ban san wacce zan nufa ba.

Daga bakin gado, a dushe:

"Ba ka gani."

Na ajiye hannuna a gwiwa. Na ce, "Ba na gani."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta miƙo hannu, tafin a sama, tana motsa yatsu kamar yadda take yi wa yara idan sun ɗauki almakashinta.

"Kawo."

Na kai mata. Sau ɗaya ta zura. Maɓallin ya ɗauke ta kusan rabin sa'a, hannun dama bai gama dawowa ba, ban ce zan taya ba. Da ta gama ta ciji zaren, ta juya rigar, ta duba wuyan, ta tsuke baki. Ta nemi kalmar ta daɗe, ina ganin tana neman ta, na riƙe bakina da ƙyar.

"Datti," ta ce.

Na jiƙa rigar a bokiti. Ina tsakar gida yanzu, a kujerar da na ajiye a kan farin wurin, taga a buɗe, ko za ta ƙara wani abu.